Zanen Goyon da Na Wanke

Ranar da aka kai Inna makwancinta na ga ƙartin maza suna kuka a fili, ba su ko ɓoye fuska. Inna mahaifiyata ce, ni ce ɗiyarta ta fari, amma da ka shigo gidanmu na Ƙanƙara a wannan yinin, sai an nuna maka ni kafin ka san wa za ka yi wa gaisuwa. Kowa ka duba, kamar shi aka yi wa mutuwar.

Akwai wani direban babbar mota da ya aje kayan mutane a bakin hanya ya hawo mashin ya taho. Ya durƙusa a ƙofar zaure yana share ido da hularsa, yana cewa, "Ita ta koya mani zama. Uwata ta sha faɗa mani." Akwai malamin da ya ja addu'a, gemunsa har ya fara furfura, muryarsa ta sarƙe a tsakiyar fatiha sai da wani ya ƙarasa mashi. Wata mata ta zo daga 'Yankara da ɗiya ukku, ta jera su gabana ta ce, "Hajiya, ta goya ni, ta goya waɗannan biyun. Wannan na ƙarshen ne bai samu rabo ba." Daga Ƙetare an zo, daga Mairuwa an zo, har daga wajen Sabuwa, duk da yadda hanyar take a yanzu.

Kowa ya zauna sai ya ce, "Ya haƙuri? Mun yi rashin uwa." Ni kuwa in ce, "Da godiya, Allah shi ba da lada." Idona a bushe ƙamas. Har na ji wasu mata biyu a bayana suna raɗa, wai aikin asibiti ne ya busar mani da zuciya, wai wadda ta saba ganin gawa ba ta kuka. Na ji su sarai, ban dai juya ba.

Ba aikin asibiti ba ne. Tunda na ɗauki alƙalami don kar a manta da ita, gara in faɗi gaskiya tun daga nan: haushi nake ji. Duk wanda ya buɗe baki ya ce ta goya shi, sai haushin ya ƙaru. Rabin unguwar nan sun san bayan Inna, ni da ta haifa ban san shi ba. Abin da na yini ina tambayar kaina a kan tabarmar makoki ke nan, da shekaruna hamsin da ɗoriya, da jikokina: shin matar nan ta taɓa jin wani abu game da ni?

Kun san yadda mutanenmu na da suke da ɗan fari. Ni kuma abin ya zo mani biyu, don sunan kakata aka sa mani, uwar mahaifina, ga kunyar ɗiyar fari ga kunyar suruka. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Yarinyar nan" nake. Na yi aure ina yarinyar nan, na je Makka na dawo da haƙorin zinariya ina yarinyar nan. Da na isa yaye, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo ta ɗauke ni ta kai ni Mairuwa wurin kakata, ban dawo gida ba sai da tsohuwar ta rasu, ina da shekara tara. Na shigo da ɗan ƙullin kayana na iske wata mata doguwa tsaye a tsakar gida, da jaririn wasu a bayanta, da wani a hannu. Ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai, ta ce wa Gwaggo, "Kun sha hanya. A ba yarinyar nan ruwa."

To, bari in bar kaina in koma kanta, don ita ce ta rasu ba ni ba.

Yanzu a birni ana ce ma irin wannan wuri gidan raino, har da allo a ƙofa da fenti a bango. Na Inna ba shi da allo. Rumfa ce a gefen ɗakinta, da farko ta kara, daga baya ƙanena ya sa mata kwano, kowa kuma Rumfar Inna yake cewa. An ce abin ya faro ne daga wata maƙwabciya da za ta je cirar auduga, ta rasa inda za ta aje jaririnta. Washegari ta zo da ƙawarta. Kafin kaka ta wuce, mata masu zuwa gona, da masu kai kaya kasuwa, da malaman firamare biyu, duk sun san hanyar gidanmu. Bayan rasuwar mahaifina sai ya zama shi ne aikinta gaba ɗaya.

Jarirai biyar take karɓa, ba ta ƙarawa ko wace ce ta roƙa. Idan aka matsa mata sai ta lissafa da jikinta: "Baya ɗaya, cinya biyu, hannu biyu. Na shidan a ka zan ɗora shi?" Sai da ƙanena ya yi aure, matarsa ta shigo tana kama mata, sannan ta yarda aka ƙara.

Da safe, kafin kowa ya iso, za ta share rumfar, ta tankaɗe rairayin ƙasan da rariya, sannan ta yi abin da ke ba baƙi dariya. Sai ta durƙusa ta yi rarrafe daga wannan kusurwa zuwa waccan, babbar mace da ita. Ta ce idan tana tsaye ba ta ganin abin da mai rarrafe zai gani ya kai baki. A haka take tsinto ƙwayar masara, da kan ashana, da ramin cinnaka. Sau ɗaya ta tsinci kunama a ƙarƙashin tabarma, daga ranar kuwa babu tabarmar da ke kwana a shimfiɗe. Ta sa an yi mata ɗan gini iya gwiwa a bakin rumfar saboda awaki da kaji. Har gwiwoyinta suka fara ciwo ba ta bar rarrafen nan ba, sai dai ta yi shi tana mita.

Uwa ba ta miƙa ɗa ta juya. Sai ta zauna ta ba shi nono a gaban Inna, Inna na tambaya: ya kwana, ya yi kashi, wane iri, jikinsa ya yi zafi? Tana tambaya tana taɓa maɗigarsa, tana duba ido, tana latsa ciki. Wadda jaririnta bai fara shan koko ba, dole aikinta ya zama kusa, ta dawo da hantsi ta dawo da azahar. Wadda za ta yi nisa kuwa sai a ce mata ta jira tukuna.

Da hantsi ake wanka. Ruwan ɗumi a baho, ta gwada da gwiwar hannu, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta shafe su da man kaɗe, ta miƙe masu hannu da ƙafa tana ja a hankali. Kowa da ɗan ludayinsa, ta ɗaura ma kowane zare mai launi daban, kuma ba ta taɓa rikita su ba. Mai koyon zama sai ta yi mashi ɗan gurbi a cikin rairayi ta kewaye shi da tsumma. Mai rarrafe a ba shi gwangwani da tsakuwa a ciki, an dake bakin an naɗe da ƙyalle. Mai son tashi ga keken katako mai ƙafa ukku, wanda ban san adadin waɗanda suka koyi tafiya da shi ba, har liman na yanzu yana ciki. Bayan azahar kowa ya kwanta a cikin gidan sauro, ita kuma ta zauna a bakin rumfa da mafici tana tsinkar zogale.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma ya fi ci mani rai, shi ne yadda take magana da su. Ba ta yi masu gwaranci. Kamar manya take ɗaukarsu. Jariri ɗan wata huɗu yana tsala kuka, sai ka ji ta ce, "Alhaji, an ji ƙararka, a yi haƙuri, koko na bisa wuta." Wata ta yi fitsari a cinyarta, ta ce, "Hajiya, wannan kyautar ta yi yawa." Kowa Alhaji ne, ko Hajiya, ko Malam. Ina gefe ina wanke kwanoni ina jin yadda take kiran ɗiyan mutane da girmamawa da wasa, ni kuwa idan za ta aike ni sai dai ta ce, "Ke."

Ba zan rage mata alherinta ba saboda haushina. Shekarun nan da ƙauyuka suka watse, wata mata ta shigo gari daga wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan Ƙetare, Kirista ce, mijinta ya rasu a tashin hankalin. Tana bi gida-gida tana surfe da wanki, da jaririya a baya cikin rana. Inna ta gan ta a bakin rijiya, ta ce, "Kawo ta nan, ki je ki yi aikinki." Wata uwa daga cikin masu kawo ɗiya ta zo tana gunaguni, wai ba ta so a haɗa ɗanta da wannan. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗazu su biyun suka yi kuka tare, na kasa kunne, ban iya bambance na wa da na wa ba. Idan ke kin iya, shiga ki ɗauki naki." Matar ta yi tsaye, ta yi tsaye, ta tafi gona. Uwar jaririyar nan, Kiristar, tana cikin waɗanda suka yini ukku a gidanmu suna dafa abincin makoki.

Amma dokar da Inna ta fi tsanantawa a kai ita ce ta zane. Duk uwar da za ta bar ɗanta, sai ta kwance zanen goyon da ke jikinta ta bar shi, kuma ya zama wanda ta kwana da shi, ba wankakke ba. A jikin ginshiƙin rumfar akwai ƙusoshi a jere, kowane jariri da tasa. Idan yaro ya fara rigima, Inna ba ta jijjiga shi ta gaji da kanta. Sai ta ciro zanen uwarsa ta goya shi da shi, ko ta shimfiɗa mashi ya sa fuska. Zai ɗan yi ajiyar zuciya, ya shinshina, ya yi lamo. Na ga wannan sau ɗari ban daina mamaki ba. Idan sabuwar uwa ta zo da zane mai ƙamshin sabulu don kar a ce ƙazama ce, Inna kan mayar da ita. "Ni ba kwalliya na tambaye ki ba," in ji ta. "Wanda za a bari, a bar mashi abin da zai shaƙa."

Ƙusoshin shidda ne a lokacin da jariran suke biyar. A ta ƙarshe, can kusa da bango, akwai wani tsohon zanen saƙi baƙi, ya koɗe, gefensa ya zare. Ba a goyon kowa da shi, ba a taɓa shi. Ni na ɗauka na ƙanwata ne da ƙyanda ta kashe tun ina Mairuwa, don haka ban taɓa tambaya ba. A gidanmu ba a tambayar irin wannan.

A kan zannuwan nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na gama makarantar koyon aikin lafiya ke nan, an ba ni hutu kafin a tura ni wurin aiki, na dawo gida kaina cike da ƙwayoyin cuta. Duk inda na duba su nake gani. Ƙuruciya da ɗan ilimi, Allah shi kyauta. Wata safiya cikin bazara, iyaye sun ba da nono sun tafi, jariran sun yi barci, Inna ta ce za ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa, in sa ido. Tana fita na dubi zannuwan nan a rataye, wannan da tabon nono, wancan da gumi, na ce yau zan nuna ma gidan nan abin da aka koya mani. Na kwashe su duka shidda. Na jiƙa da garin sabulu, na zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai warin nan na asibiti, na cuɗe su sai da hannuna ya yi ja. Tsohon saƙin ya saki shuni, ruwan ya yi baƙi, na ce ka ga dattin shekara da shekaru. Na shanya su a igiya na koma gefe ina jiran yabo.

Da hantsi na farko ya farka ya fara kuka, ya tashi na biyu, kafin ka ce me, su biyar sun haɗa baki. Na ɗauki wannan, na aje, na ɗauki wancan. A haka Inna ta shigo. Na zaci wurin jariran za ta nufa. Wallahi ta wuce su, ta wuce zannuwa biyar ɗin, ta tafi kai tsaye wurin saƙin. Ta sauke shi daga igiya yana ɗiga, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mani ba, ido cikin ido.

Ta ce, "Wa ya aike ki?"

Na fara bayanin ƙwayoyin cuta. Ta ce, "Na ce wa ya aike ki?"

Ranar ba wanda ya huta. Zannuwan sun bushe kafin azahar, amma duk wanda aka goya da nasa sai ya banƙare ya ƙara ƙara, don warin asibiti yake ji ba uwarsa ba. Sai da aka je gona aka kira iyaye biyu. Da la'asar, na gaji, kunya ta ishe ni, sai kunyar ta juye ta zama faɗa. Na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Kin san warin ɗiyan kowa a garin nan, amma sunan ɗiyarki ya gagare ki." Matar maƙwabcinmu da ke tsaye ta riƙe baki. Inna ta ci gaba da dama koko.

Kwana ukku ba ta yi mani magana ba. A na huɗu ta miƙo mani saƙin ta ce, "Tunda kin wanke shi, ke za ki yi goyo da shi." Haka na yi sauran hutuna, mako guda cur, da jaririn wasu a bayana da wannan kaurin zane a ƙirjina, cikin zafin bazara, gumi na bi ta ko'ina. Idan na kwance shi don in sha iska sai ta ce, "Mayar." Na ce a raina wannan horo ne, kuma na ci. Ranar da zan tafi ta karɓe shi daga hannuna ta mayar bisa ƙusarsa, ba ta ce sannu ba. Ni ma ban ce a yafe mani ba, na ɗauki jakata na fita.

Ba wai ta ƙi ilimin nawa ba ne fa. Daga baya na lura tana tafasa ruwan sha, ta bar ba jarirai jiƙo, ta koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, kuma ba ta karɓar yaron da ba a kai shi rigakafi ba. A bakin iyayen nake jin wai takan ce, "Yarinyar nan ta hana." A gabana kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Muka rayu a haka shekara talatin, ina kawo mata magani da atamfa, tana aiko ma ɗiyana ƙuli-ƙuli da daddawa, muna gaisawa kamar mutanen kirki biyu da suka haɗu a mota.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, kwana goma sha ne cikin damina. Na ɗauki hutu na zo jinya. Ranar da na iso na iske saƙin nan ba ya bisa ƙusa, yana ƙarƙashin kanta, ta naɗe shi ta yi matashi, wani lokaci ta jawo shi ta rufa. Halin nawa bai bar ni ba. Na kawo sabon zanen gado da matashi mai tsabta, na kai hannu zan zare shi. Matar da ba ta iya ɗaga kofi, sai ga shi ta riƙe gefen zanen gam. Ta ce, "Bar shi." Na bari. Na ce a raina, har yanzu ƙanwata ce a zuciyarta, wadda ta rasu ta fi wadda ke tsaye a kanta. Na fita tsakar gida na wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

Ta cika da safe, bayan matar ƙanena ta gama tankaɗe rairayi. Abin da ta tambaya na ƙarshe shi ne ko an duba ƙarƙashin tabarmi.

Washegarin sadakar bakwai baƙi suka watse. Iyaye suka fara dawo da ɗiyansu, don ciyawa ba ta jiran makoki, matar ƙanena kuma ta ce ba za a rufe rumfar ba tana da rai. Ina ɗaure kayana zan koma wurin aiki, sai aka ce Gwaggo na kirana a ɗakin Inna. Gwaggo ta tsufa ƙwarai yanzu, idonta ya yi rauni, amma bakinta na nan. Ita "Uwata" take ce mani, saboda sunan mahaifiyarta da nake ɗauke da shi.

Ta ce, "Uwata, zauna. Kwana bakwai ina sauraronki, ban ji kukanki ba."

Na ce, "Gwaggo, masu kuka sun yi yawa, ba a rasa nawa ba."

Ta ce, "Bakin nan naki dai." Ta laluba bayanta ta jawo saƙin, a naɗe, ta ɗora mani bisa cinya. "Ta ce in ba ki."

Na ce, "Ni kuma? Ai na marigayiya ƙanwata ne. A sa shi cikin kayan sadaka."

Gwaggo ta ce, "Wa ya faɗa maki haka? Waccan da atamfa aka goye ta. Wannan naki ne. Kakarki ta saƙa shi da hannunta ta aiko ranar sunanki, a cikinsa kika yi wata ashirin a bayan uwarki. Har daka take yi da ke, an yi an yi ta sauke ki ta ƙi, sai dai idan ta ji sallamar baƙo ta yi maza ta miƙa ki."

Na ce, "Ni ta goya?"

"To da wa ya goya ki, ni? Ranar da na zo ɗaukarki, na kai hannu zan karɓi zanen in goya ki da shi, ta ce wai ya yi datti, ta ba ni wani. Ba ta rako mu ko zaure ba, don kar a ce ta yi rashin kunya. Na manta ɗan kunnena na dawo, na iske ta a bayan ƙofa ta cusa fuska a cikinsa. Ta ce in na faɗa ma wani ba ta yafe ba. Daga nan ta san abin da zane ke yi. Duk wannan doka da kika ga tana kafa ma matan mutane, a kanki ta koya."

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na san babu warin da ke zama a tufa shekara ashirin. Na buɗe baki zan faɗi haka, don in samu abin riƙewa. Gwaggo ta riga ni. Ta ce, "Na sani. Ni ma na shinshina ban ji komai ba. Ita ta ce tana ji. Sai ga ki kin zo da sabulunki."

Na ce, "Shi ya sa ta hore ni."

Gwaggo ta yi 'yar dariya. "Horo? Uwata, da karatunki. Mako guda ta samu kafin ki tafi. So take ki mayar mata da abin da kika wanke."

Daga waje ina jin matar ƙanena tana cewa, "Malam, a yi haƙuri, layi ake bi," da muryar da ta koya a wurin Inna.

Gwaggo ta dafa hannuna ta ce, "Saura ɗaya. Da ta ji jikinta ya ƙi, ita ta sa aka sauko mata da shi. Ta ce mani, 'Zan yi nisa, kuma yarinyar nan rigima gare ta. Bari in kwana da shi.' Ta ce a ba ki bayan mutane sun watse, kuma a faɗa maki kar ki wanke."

Na ɗaga zanen na kai fuskata. Man kaɗe ne, da hayaƙin icce, da ɗan goro, da wani abu a ƙarƙashinsu wanda ba ni da sunansa, amma jikina ya gane shi kafin kaina. Kukan da mutanen Ƙanƙara suka jira kwana bakwai ba su gani ba, a nan ya zo, a gaban tsohuwa ɗaya da ba ta gani sosai. Na yi shi da ƙarfi, ba irin na manya ba. Gwaggo ba ta ce in yi haƙuri ba, ta bar ni sai da na yi ajiyar zuciya na yi shiru da kaina.

Allah shi jiƙan Inna, shi yalwata mata makwanci kamar yadda ta share wuri ta shimfiɗa ma ɗiyan mutane. Waɗanda ta goya, ku sa ta a addu'a, ni ma ina cikinku. Zanen yana nan wurina a cikin akwati, na naɗe shi a leda don kar ya sha iska, kuma duk gidana an san ba a taɓa shi.